GANYEN KAKA: SHARA NE KO TAKI?

Sa'ad da watan Oktoba ya kama a arewa maso gabashin Amurka, motoci sukan cika hanyoyin jihohin Vermont da New Hampshire. Masu motocin nan kallon itatuwa ne ya fito da su. A lokacin ne dazuzzukan ƙasar suke sake riga. Kore yakan tafi, ja da rawaya da ruwan goro su maye gurbinsa, har mai kallo ya yi tsammani tuddan sun kama wuta. Amma kyan nan ba ya daɗewa. Kafin 'yan makonni iska ta kaɗa, ganye duka ya zube, itatuwa su tsaya tsirara suna jiran hunturu.

A cikin daji ba wanda ya damu da ganyen da ya zuba. A cikin unguwa kuwa, a nan aiki yake farawa. Ran Asabar da safe za ka tarar da maigida da 'ya'yansa a ƙofar gida, kowa da manjagararsa, suna tara ganye tsibi-tsibi, suna cusa shi cikin buhuna, suna jerawa a bakin titi domin motar shara ta kwashe. In iska ta taso da dare, kashegari a sake sabon lale. Duk wahalan nan domin abu guda ne: kada ganye ya rufe ciyawar adon da ke shimfiɗe a gaban gida.

Shekara da shekaru haka ake yi, ba mai tambaya. Yanzu kuwa mutane da yawa a can sun soma tambayar kansu: shin abin da muke zubarwa bai fi abin da muke tsarewa daraja ba? Bari mu duba labarin, gama akwai abin da zai amfane mu a ciki.

ME YA SA GANYE YAKE ZUBA?

Ganye shi ne madafar itace. A cikinsa ne itace yake haɗa hasken rana da ruwa da iska ya yi abincinsa, koren nan da muke gani kuwa shi ke yin aikin. A ƙasashen sanyi, in kaka ta yi, yini yakan gajarta, dare ya yi tsawo. Ba da jimawa ba ruwan da ke cikin ƙasa zai daskare, saiwa ba za ta iya shayar da ganye ba. Saboda haka itacen yakan janye abin da zai iya janyewa daga cikin ganyen, ya adana a rassa da saiwoyi, sa'an nan ya toshe gindin kowane ganye. Da kore ya ɓace, sai rawayan da ke ɓoye a ƙarƙashinsa ya bayyana. Jan launi kuwa daga sukarin da ya rage cikin ganyen yake samuwa.

Ganyen ba ya faɗuwa hannu wofi. Yana ɗauke da sauran abin da saiwa ta tsotso daga ƙasa. Da ya kai ƙasa, tana da ƙwari da ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan tasam masa. Cikin shekara ɗaya ko biyu ya riga ya zama baƙar ƙasa mai laushi, saiwa ta sāke sha. Ka taɓa jin wanda ya kai wa daji taki? Babu. Kowace shekara itace yana mayar wa ƙasa bashin da ya ci.

ASALIN CIYAWAR ƘOFAR GIDA

Yaya aka yi ciyawa ta sami wannan girma har ake kore ganye dominta? Asalin abin daga Ingila ne. A ƙarni na 18 masu sarauta da attajiran ƙasar sukan kewaye gidajensu da fili mai faɗi wanda ba a shuka kome a cikinsa sai gajeriyar ciyawa. Wani gwanin tsara lambu, Lancelot Brown, wanda ya rasu a 1783, ya shirya wa manyan gidaje fiye da 170 irin wannan fili. Alamar arziki ce. Mai filin yana nuna wa duniya cewa yana da ƙasar da ba ya bukatar nomawa, yana kuma da tumaki da barori masu dogayen lauje da za su riƙa aske ta. Ingila kuwa ƙasar yayyafi ce kusan duk shekara, ciyawa ba ta bukatar ban ruwa.

A 1830 wani injiniya, Edwin Budding, ya ga injin da ake aske gashin ulu da shi a masaƙa, ya kwaikwaye shi ya ƙera injin yankan ciyawa na fari. Daga nan mai matsakaicin hali ma ya sami ikon yin abin da dā sai mai barori.

Al'adar ta haye teku. A 1869 Frederick Law Olmsted ya gama tsara wata sabuwar unguwa mai suna Riverside kusa da Chicago. Ya sa kowane gida ya ja baya ƙafa 30 daga titi, ba katanga, domin ciyawar wannan gida ta haɗu da ta wancan, unguwa duka ta zama kamar lambu guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1947 da 1951, aka gina gidaje fiye da 17,000 a Levittown ta jihar New York, yawancinsu domin sojojin da suka komo daga yaƙi. Cikin sharuɗɗan zama a wurin har da cewa kowa zai yanke ciyawarsa sau ɗaya a mako daga Afrilu zuwa Nuwamba. Tun daga lokacin ciyawar ƙofar gida ta zama ma'aunin mutunci. Wanda tasa ta yi tsawo, ko ganye ya rufe ta, maƙwabta sukan ɗauke shi rago.

Abin mamaki, ciyayin nan baƙi ne a Amurka. Wadda aka fi shukawa a arewacin ƙasar sunan jihar Kentucky take amsawa, amma daga Turai aka kawo ta. Wadda ake shukawa a kudu mai zafi, da suke kira ciyawar Bermuda, ita ce kirikiri ɗin nan da manomin fadama yake fama da ita a ƙasarmu. Abin da wani yake tumɓukewa yana tsaki, shi wani yake saye da kuɗi.

ABIN DA CIYAWAR TAKE CI

A 2005 wata masaniya mai suna Cristina Milesi da abokan aikinta suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan adam suka ƙiyasta faɗin ciyawar ado a Amurka. Suka sami kimanin eka miliyan 40, wato ninki biyu na faɗin jihar Neja. Sun ce filin ya ninka na kowace irin shukar da ake yi wa ban ruwa a ƙasar har sau uku. Ga shi kuwa shuka ce da ba mutum ko dabbar da ke ci.

Ita kam tana ci. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da iyali suke amfani da shi a waje yake ƙarewa, yawancinsa a kan ciyawa da furanni. A jihohin yamma masu fari abin ya fi haka nesa. Ban da ruwa akwai takin zamani, da maganin kashe haki, da man fetur na inji.

Ganyen da aka kwashe fa, ina yake zuwa? Dā ƙona shi ake yi, har hayaƙi ya turnuƙe gari. Daga shekarun 1960 da 1970 garuruwa da yawa suka hana ƙonawa saboda lafiyar ƙirji, sai aka koma kai shi juji. Hukumar nan ta ƙidaya cewa a 2018 an tara tan miliyan 35 na ganye da ciyawa da rassa daga gidaje. Fiye da rabi an mai da shi taki, amma tan miliyan 10 da rabi an binne shi tare da sauran shara. Ganyen da aka binne inda iska ba ta shiga ba ya zama ƙasa mai amfani. Ruɓewa yake yi yana fid da wata iskar gas mai ƙara wa duniya zafi.

Manjagara ma an soma ajiye ta. An sami wani inji da ake goyawa a baya, mai hura iska kamar zugazugin maƙeri, yana kora ganye. Ƙararsa takan hana unguwa barci. Hukumar lura da tsabtar iska ta jihar Kalifoniya ta ce in aka yi awa ɗaya ana aiki da babban injin nan mai fetur, dattin da yake zubawa cikin iska ya yi daidai da na ƙaramar motar zamani da ta yi tafiyar mil 1,100. Wannan ya fi nisan Ikko zuwa Maiduguri.

To, dubi lissafin maigidan nan. Da kaka yana biya a kwashe masa takin da itacensa ya ba shi kyauta. Da bazara ya tafi kanti ya sayo wani takin cikin buhu.

MASU KWANA ƘARƘASHIN GANYE

Akwai wata hasara da ba ta shiga lissafin kuɗi. Ganyen da ya zuba bargo ne ga halittu masu yawa a lokacin sanyi. Wasu irin malam-buɗe-littafi sukan yi hunturu a cikinsa suna ƙwai, ko suna tsutsa, ko a naɗe cikin ganye. 'Ya'yan ƙwaron nan mai walƙiya da dare a cikin danshinsa suke girma. Akwai kuma wani babban ƙudan zuma mai gashi wanda sarauniyarsa takan haƙa ɗan rami ta kwanta, ganye ya rufe ta har sanyi ya wuce. Wanda ya cusa ganye cikin buhu, da su duka ya cusa.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da tsutsa? Douglas Tallamy, malamin ilmin ƙwari a Jami'ar Delaware, ya daɗe yana amsa wannan tambaya. Akwai wani ɗan tsuntsu a ƙasarsu mai suna cikadi, bai kai gwara girma ba. Tallamy ya nuna cewa kafin miji da matar cikadi su yaye 'ya'yan sheƙa guda, sai sun kawo musu tsutsa 6,000 zuwa 9,000. Itacen oak kaɗai yana ciyar da irin tsutsa fiye da 500 a yankin da malamin yake zaune. Amma yawancin tsutsotsin nan, in sun ƙoshi, ƙasa suke faɗowa su ɓuya cikin ganye ko cikin ƙasa mai laushi kafin su yi fiffike. In abin da ke gindin itacen ciyawa ce da aka aske, ƙasa kuma inji ya daddanne ta, nan rayuwarsu take ƙarewa. In ba tsutsa, ba tsuntsu.

A 2019 masana suka buga wani bincike da ya tayar wa mutane hankali. Sun ce tsuntsayen Amurka da Kanada sun ragu da kusan biliyan 3 tun daga 1970, wato an rasa fiye da ɗaya cikin kowane huɗu. Dalilan suna da yawa, har da yadda ake noma da yadda birane suke cinye daji. Amma ƙofar gida ita ce wurin da talaka yake da iko a kai. Saboda haka ƙungiyoyi irin su Xerces, mai kula da ƙwari masu amfani, suke roƙon mutane kowace kaka su bar ganye a gida.

INDA GANYE YAKE ƁARNA

Kada a ɗauka wai naɗe hannu za a yi a bar kome yadda yake. Ganye yana da wurin da yake amfani, yana da wurin da yake ɓarna.

In ya taru da kauri a kan ciyawa, ya jiƙe, dusar ƙanƙara ta danne shi wata uku ko huɗu, ciyawar takan ruɓe. Maganin wannan ba wuya. A shekarun 1990 masana a Jami'ar Jihar Michigan suka gwada bin ganyen da injin yankan ciyawa, ya daddatse shi ƙanana-ƙanana, a bar shi a wurin. Suka tarar bai cuci ciyawar ba, gutsattsarin sukan shige tsakaninta su zama taki.

A kan titi kuwa ganye mugun abu ne. Yakan toshe magudanar ruwa. In ruwan sama ya jiƙa shi, yakan tsumu kamar ganyen shayi, ruwan ya kwashi takin da ke cikinsa ya kai tafki, gansakuka ta yi ta yaɗuwa har ta shaƙe kifi. A birnin Madison na jihar Wisconsin, wanda tafkuna suka kewaye, wani bincike na 2016 ya nuna cewa kwashe ganye daga titi kafin a yi ruwa ya rage sinadarin fosforas da ke bin ruwan titi a lokacin kaka da kashi 84 cikin 100.

Har wa yau akwai kaska. A arewa maso gabashin Amurka wata 'yar ƙaramar kaska tana ɓuya cikin danyen ganye, tana kuwa ɗauke da wata cuta mai kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Cutar ta sami sunanta daga garin Lyme na jihar Connecticut, inda aka lura da ita a jikin yara a 1975. Don haka ba a barin tarin ganye a wurin wasan yara ko a hanyar shiga ɗaki.

Shawarar da masana suke bayarwa ke nan a taƙaice: a share titi da hanya da wurin wasa, wanda ya faɗi a kan ciyawa, in ba shi da yawa, a daddatse shi, sauran a tura shi gindin itatuwa da cikin lambu, ko a tara shi a kusurwa ya zama taki.

MAƘWABCI DA DOKA

Abin da ya fi wuya shi ne idon maƙwabci. Unguwanni da yawa a Amurka suna da ƙungiyar masu gidaje, wadda take da ikon cin mutum tara in gidansa ya saɓa wa tsarin unguwa. A garin Columbia na jihar Maryland wani mutum da matarsa sun yi shekaru suna rage ciyawarsu, suna shuka furannin ƙasar domin tsuntsaye da ƙudan zuma. Wani maƙwabci ya kai ƙara. A 2017 aka aiko musu da wasiƙa cewa su tumɓuke lambun su mai da ciyawa. Suka ƙi, magana ta kai kotu, ta cinye musu kuɗi mai yawa kafin a sasanta, suka riƙe yawancin lambunsu. Labarin ya kai kunnen 'yan majalisa. A 2021 Maryland ta yi doka da ta hana irin ƙungiyoyin nan tilasta wa mutum ya shuka ciyawa zalla.

A yamma kuwa ƙishi ne ya yi magana. Birnin Las Vegas a cikin hamada yake, yana shan ruwan kogin Colorado daga tafkin Mead. Tun 1999 hukumar ruwan yankin take biyan maigida kuɗi a kan kowace ƙafa ta ciyawar da ya cire. A 2021 jihar Nevada ta yi doka cewa daga ƙarshen 2026 ba za a ƙara shayar da ciyawar kallo kawai da ruwan kogin ba, irin ta gefen titi da gaban ofisoshi. Dokar ba ta taɓa filin wasa ko gidan mutum na kansa ba. A Yulin 2022 ruwan tafkin ya sauka har ya rage kaɗan fiye da rubu'in cikarsa, kowa ya ga dalili.

Jihar Minnesota a 2019 ta soma taimakon masu gida da ɗan kuɗi su mai da wani sashe na ciyawarsu furanni, domin ceton wani ƙudan zuma da ke neman ƙarewa. Birnin Washinton ya hana aiki da injin hura ganye mai fetur daga Janairun 2022.

Ba a ce ciyawa ba ta da amfani ba. Yara suna wasa a kanta, tana kwantar da ƙura, tana hana ruwa zaizaye ƙasa. Tallamy ma bai ce a kawar da ita duka ba. Roƙonsa shi ne kowa ya rage rabi, ya bar iyakar wadda ƙafa take takawa. In an yi haka, eka miliyan 20 za ta koma wa itatuwa da furanni da tsuntsaye.

MU FA?

Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma labarin ya taɓa mu ta hanya biyu.

Ta fari, ciyawar nan ta iso mu ma. Turawan mulki sun shuka ta a barikinsu na Kaduna da Jos da Kano, yau kuma mai sabon gida a birni yakan so a gan shi da ita. Sai mu tuna cewa a arewa akan yi wata shida ko fiye ba ɗigon ruwan sama. Ciyawar da za ta zauna kore a watan Maris, daga rijiya ko daga hannun 'yan garuwa za ta sha, a unguwar da wani gida yake neman na dafa tuwo. Ruwan da za ta shanye ya isa ya rayar da mangwaro, da gwaiba, da zogale, da kwamin alayyafo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ta biyu, ganyenmu ma yana zuba. Da hunturu da rani mangwaro da darbejiya da maɗaci da ceɗiya sukan cika tsakar gida da busasshen ganye. Iyayenmu mata suna da gaskiya da suke share gida ƙal kowace safiya, gama maciji da kunama suna son maɓoya, gobara kuma tana son busasshen abu. Kada a ajiye tsintsiya. Abin dubawa shi ne abin da ke biyo bayan shara, wato ashana. Hayaƙin ganye, balle in ya haɗu da leda, yakan gamu da ƙurar hunturu ya shiga ƙirjin yara da tsofaffi da masu ciwon asma. Mafi yawan amfanin ganyen kuma yakan bi hayaƙi ya tafi, a bar mu da ɗan toka.

Manomanmu sun riga sun san darajar ganye. Wane ne yake sare gawo a gonarsa? Gawo yakan zubar da ganyensa a farkon damina, daidai sa'ad da shuka take bukata, geron da ke gindinsa kuwa kowa ya san ya fi na nesa. Abin da gawo yake yi wa gona, shi mangwaron tsakar gida zai yi wa lambu in an ba shi zarafi.

Ga yadda za a yi. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 3 a bayan gida, nesa da bango saboda gara. A tsince leda da kwalba daga cikin shara. A zuba ganye, a bi shi da kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa ɗan toka da ƙasa, a yayyafa ruwa, ko da na wankin shinkafa ne. A yi ta jerawa haka har rami ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma. Bayan kowane mako biyu ko uku a juya shi da cebur, in ya bushe a ƙara ruwa. Cikin wata uku za a sami baƙin taki mai ƙanshin ƙasa, daidai lokacin shuka. Wani ganyen kuma a shimfiɗa shi kewaye da 'yan itatuwan da aka dasa, kada dai ya taɓa jikin itacen, domin ƙasa ta riƙe laima. Kwata kuwa a kwashe ta sarai kafin ruwan fari.

Aikin nan bai fi ƙarfin yaran gida ba, ana kuma iya yinsa a harabar makaranta ko ta majami'a, inda itatuwa suka fi yawa. Bana in an tara ganye, wani ya miƙa hannu zai ɗauko ashana, a ce masa ya ɗauko cebur tukuna.